Kamu Ɗaya na Gefen Hagu

Gwaggona Bernarda Sipac ta rasu bara da damina, tana da shekara saba'in da tara. A garinmu Santa Rufina in ka ce Bernarda Sipac sai an tsaya tunani, amma in ka ce mai dardumar layin rijiya, kowa zai nuna maka ƙofarta. Shekara hamsin da ɗoriya tana shimfiɗa wa Ubangiji darduma a bakin gidanta kowace Jumma'a Mai Tsarki, ranar tuna gicciye Yesu, ba ta taɓa fashi ba, ko a shekarar da girgizar ƙasa ta zubar da rabin garin. Ni Rosenda, 'yar ƙanenta, a hannunta na tashi, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Dardumar tamu ta dusar katako ce. Tun watan ɗaya Gwaggo take bin kafintoci da buhu tana kwasa, ta tankaɗe ta sau biyu a rariya, ta rina ta a tsofaffin duro a bayan gida. Ja, shuɗi, ruwan ƙwai, kore, da wani shunayya wanda ba ta taɓa gaya wa kowa yadda take haɗa shi ba. Hannuwanta ba sa komawa launinsu sai watan biyar. Masu sayen kunun masara a wurinta a bakin kasuwa sukan ce kunun ya fi daɗi a lokacin, ita kuwa ta ce musu in sun gama sha su ba ta kofinta.

Ranar Jumma'ar da sassafe ake kafa katakai a gefe da gefen titi, a zuba dusa, a daddale, a gitta faifan katako a sama mu kwanta a kai rubda ciki muna zuba launi ta cikin kwalin da aka yanke da zanen furanni da zangarniyar alkama. Ana yi ana yayyafa ruwa don kada iska ta yi ɓarna. Da la'asar makarar Yesu, mai ɗauke da mutum-mutuminsa, za ta iso, maza arba'in cikin baƙaƙen riguna suna ɗauke da ita a kafaɗa, su bi ta kai su wuce. Aikin awa shida, kafin ka gama share hawaye ya zama taɓo mai launi, masu shara suna biye da shebur. Haka ake yi, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce an yi masa ɓarna ba.

Gwaggo gajeriya ce, mai kaifin harshe, kuma doka ɗaya take da ita a wannan aiki: ba a sa saura. In rinin bara ya rage, zubar da shi take yi. In maƙwabciya ta ce ga ragowar dusarta, sai ta ce a kai wa kaji. Da na taɓa tsallake wani lungu na ce ai ba mai gani, kallon da ta yi mini har yau ina jin sa a ƙeyata.

"Allah ba ya cin saura, Rosenda," in ji ta. "Ko ki ba shi duka, ko ki riƙe kayanki."

Maganar ba tata ba ce, ta mijinta ce, Kawu Anacleto. Shi ne mai koyar da katekisim, wato darasin addini, a barandar coci ranar Asabar. Ina tuna shi yana gaya wa manoma cewa Allah bai roƙe su saniya ba, bai roƙe su gona ba, don duk nasa ne tun fil azal. Abu ɗaya ya nema, zuciya, kuma ɗungum yake son ta, da rai da ƙarfi duka, ba a raba ta kamar gonar gado. Mutum ne mai sanyin murya, in yana magana sai ka matso.

A shekarun tashin hankali koyar da katekisim ya isa laifi. Wata ranar kasuwa da hantsi masu bindiga suka zagaye dandali, suka jera maza, suka fito da wani mutum an rufe masa kai da buhu, an huda wurin ido. Duk wanda ya nuna da yatsa sai a jefa shi mota. Mutum bakwai ya nuna, Kawu Anacleto ne na biyar. Ba a sake ganin ko ɗayansu ba, ba gawa, ba kabari.

Buhu yana rufe fuska, amma ba ya rufe tsawo. A duk Santa Rufina mutum ɗaya ne yake sunkuyawa in zai shiga ƙofar coci ta gefe, shi ne Fermin Chali kafinta. Kuma shi ne ya riƙe Lucas, ɗan Gwaggo, a hannunsa ranar baftisma, wato ubansa ne a gaban Allah, zumuncin da a wurinmu ya fi na jini ƙarfi. An ce kwana uku yana hannunsu kafin ranar, an ce sun karya masa haƙarƙari, an ce sun ɗora bindiga a kan matarsa. An ce, an ce. Shi dai bai taɓa buɗe baki ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Shekara talatin da huɗu shi da Gwaggo suna gari ɗaya. Dusar shagon Fermin ta fi ta kowa fari da laushi, ita ce take shan rini yadda ake so, amma Gwaggo sai ta ratsa gari har bayan mahauta ta kwaso mai tsakuwa ta zo ta yi ta tankaɗe. Ba ta zage shi ba, ba ta kai shi ƙara ba, sunansa ma ba ya fita a bakinta. Ba ta fashin coci. Sai dai ni da nake durƙusawa kusa da ita na lura, in ana addu'ar Ubangiji aka zo wurin da ake roƙon a yafe mana kamar yadda muke yafe wa wasu, bakinta yakan tsaya cak, sai an wuce wurin ta ci gaba. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ni kaina in na hango shi tofar da yawu nake yi.

Abin da ya raba su duk shekarun nan sandar awo ce. Masu ɗaukar makara ba a zuba su yadda aka ga dama, don in kafaɗu ba su yi daidai ba, dogon shi zai sha nauyin duka, gajeren ya yi ta rataya. Saboda haka kowace shekara a farkon azumi maza suke layi a farfajiyar coci, a auna kafaɗar kowa da sanda, a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauke ta layi ɗaya ya miƙa wa na gaba. Dogaye su ke fitowa da ita daga coci, ana tafiya ana gajarta. Layin rijiya na rukuni na tara ne, na gajeru irin danginmu. Fermin kuwa tun yana saurayi na rukunin farko ne, kafin makara ta iso mu ya daɗe da komawa gida.

Amma tsufa ba ta shawara da kowa. Bayansa ya fara tanƙwarewa, bana ya sauka rukuni na biyu, baɗi na huɗu. A shekarar da nake ba da labari ya yi jinya, ya tashi a doro. Tsofaffin da suke riƙe da sandar, waɗanda da sun gani za su matsar da sunan a hankali ba tare da kowa ya ji ba, duk sun mutu. Wanda ya yi awon malamin makaranta ne da aka turo mana daga bakin teku, bawan Allah bai san komai ba, abin da sanda ta ce shi ya rubuta. Na je duba sunan mijina a takardar da aka lika a ƙofar coci, sai na ga Fermin Chali, rukuni na tara, gefen hagu, mutum na uku.

Na tarar da Gwaggo tana juya rini da muciya. Na faɗa mata. Muciyar ba ta tsaya ba.

"Gwaggo, bari in je wurin shugabannin ƙungiyar masu ɗaukar makara su sauya shi. Magana ɗaya ce."

"Ki je ki ce musu me? Ki tono abin da ba wanda ya tono shekara talatin, a kan sunana?"

"To, ki huta bana. Ƙafarki ma ba lafiya, kowa ya sani."

"Alkawari na yi. Ba da ƙafata na yi shi ba."

"To sai ya taka miki darduma ke nan?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ce in miƙo mata gishiri. Shi ke nan, muka ci gaba da rini har Mako Mai Tsarki ya kama.

Ranar Jumma'a gari na wayewa muka fito, ni da ita da surukaina mata biyu. Mun san wurin kowane katako, akwai alama a jikin duwatsun titi tun kafin a haife ni. Na ajiye na hagu a kan alamarsa, sai Gwaggo ta zo ta sa ƙafa ta tura shi ciki. Ta auna da hannunta daga gwiwa zuwa yatsa, kamu ɗaya cif, ta danne shi da dutse. Ban gane ba sai da na tsaya a bakin layi na duba. Masu ɗaukar hagu a daidai wannan gefen suke tafiya. Makara za ta bi ta saman darduma, na dama za su taka ta, na hagu kuwa a kan tsiraran duwatsu za su wuce. Gaskiya na ji daɗi a raina, na ce tsohuwar nan ta iya.

Har dusar ma daidai ta rina, ba ƙari. Muka yi aiki, kuma ban taɓa ganin hannunta ya yi kyau kamar ranar ba. Da rana ta take muka gama, tana yayyafa ruwa na ƙarshe, sai ga Doña Tomasa maƙwabciyarmu, tsohuwar abokiyar faɗanta, ta taho tana taunar mangwaro. Ta dubi dardumar daga sama zuwa ƙasa, ta karkata kai.

"Bernarda, Yesu ya rame ne bana?"

"Ke da ko layi ba kya iya ja a miƙe, ki je ki ji da taki."

"Tawa karkatacciya ce, na yarda, amma ta kai bango da bango. Ido ba mudu ba ne, ƙawata, amma ya san ƙima. Wa ya yanke miki gefe?"

"Dusa ce ta yi tsada."

"Dusar da ake ba ki kyauta? To, Allah ya sawwaƙe." Ta tsotse ƙwallon mangwaronta, ta rage murya. "Jikana ma a hagu yake, na goma sha ɗaya. Karonsa na farko ke nan. Tun jiya yake goge takalmi wai zai taka dardumar Doña Bernarda."

Ta wuce abinta. Gwaggo ta tsaya da gwangwanin ruwa a hannu. Ni kuma, da yake bakina ba ya da linzami, kuma ina son in faranta mata, sai na ce, "Ƙyale ta, Gwaggo. Kamu ɗaya ne kawai. Allah ma ya san dalili, ai sauran duk nasa ne."

Ta juyo a hankali. "Me kika ce?"

"Na ce sauran duk nasa ne."

"Sauran," in ji ta.

Wallahi ba da nufi na faɗa ba. Da na san inda maganar za ta sauka da na haɗiye ta. Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a bakin ƙofa, daidai gaban wannan tsirin duwatsun, ta ƙura masa ido. Na kawo mata kifi da tortiya, gurasarmu ta masara, ba ta taɓa ba. Ƙarfe uku aka kaɗa katakon coci, don ranar ba a buga ƙararrawa, muka san makara ta fito. Tana ɗaukar wajen awa biyu kafin ta zo mu. Gwaggo ba ta motsa ba. An ce wanzami ba ya son jarfa, to ranar na ga wanzami zaune da askarsa a hannu, ba kowa a gabansa sai kansa.

Da aka fara jin ganga daga layi na bakwai ta ce, "Rosenda, akwai dusa?"

"Babu, Gwaggo. Daidai kika rina."

Tomasa da ke leƙe daga ƙofarta ta ce tana da ragowar rabin buhu, a zo a ɗauka. Gwaggo ta girgiza kai. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da wani ƙunshi a ƙirji, wanda duk zamana a gidan ban taɓa gani ba. Ta kwance shi a kan cinyarta. Farin saƙi ne na hannu, zugu huɗu, faɗin kowane kamu ɗaya, da siririn layin ruwan ƙasa a baki. Zare ne mai laushi irin wanda yanzu ba mai haƙurin kaɗa shi.

"Na mene ne wannan?" na tambaye ta.

"Na Kawunki ne. Shekara guda bayan an tafi da shi na saƙa. Na ce duk ranar da aka sami ƙasusuwansa ba za a zuba mini shi a kwali ba." Ta shafa shi da tafin hannu. "Duk sanda masu tonon ramukan da aka zuba gawawwakin waɗanda aka kashe suka zo yankin nan, kin ga ina ɗaukar kwando in bi su? Shi ne a ƙasan kwandon. Sau shida ina kai shi ina dawowa da shi."

"Gwaggo, kada ki yi haka. Don Allah. Mu tsinko ganye, mu bi gidaje mu roƙi furanni, akwai lokaci."

"Kama can."

"A ƙarƙashin ƙafar wannan mutumin? Shi fa ya..."

"Na san abin da ya yi, ina wurin. Kama can na ce, gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

Na kama ina kuka, kukan haushi. Muka janye katakon hagu, muka shimfiɗa zugun ɗaya bayan ɗaya a kan duwatsu, daga bakin layi zuwa ƙarshensa, ya kai har ya yi rara. Ita da kanta ta bi tana gyara bakinsa ya haɗu da dusar, kada a ga rata. Tsofaffin mata sun gane irin saƙin, na ga wata ta rufe bakinta da mayafi.

Hayaƙin turare ya fara shigowa, sannan masu busa da ganga, sannan makarar, tana tangaɗi a hankali dama da hagu kamar yadda take yi. A kusurwa rukuni na takwas suka zame, na tara suka sa kafaɗa. Ga Fermin na uku a hagu, ya zama ɗan tsoho, rigar ta yi masa yawa, kansa a ƙasa. Da yake ƙasa yake kallo, shi ya fara ganin farin. Ya ɗago. Ya ga Gwaggo a ƙofarta. Ban san abin da ya gane ba, amma fuskarsa ta narke gaba ɗaya.

Mai ɗaukar makara ba ya tsayawa shi kaɗai, mutum talatin da tara suna tafiya da shi. Na ga ya gajarta taku, na bayansa ya buge masa diddige. Ya sa ƙafa a kai. Ya sa ta biyu. Ya yi tafiyar layin nan duka bakinsa a buɗe, hawaye na gangarowa cikin wuyan rigarsa, ba hannun sharewa. Na bayansa goma sha bakwai suka bi, jiƙaƙƙiyar dusa ta fantsamo daga dama, ja da shunayya suka cakuɗe a kan farin. Gwaggo ta durƙusa kamar kowa, da wannan gwiwar da ta ce ba ta lanƙwasuwa, ba ta kawar da kai ba har suka fita.

Ba zan ce muku daga nan sun shirya ba, don ban gani ba. Bai zo gidan ba, ita ma ba ta je nasa ba. Bayan shekara biyu ya mutu, ta aika da kyandir, ba ta je ba. Ko ta yafe masa har cikin ranta, wannan tsakaninta da Mai ita ne. Ni dai har yau ban iya ba, kuma ina jin kunyar hakan duk shekara in na kwanta a kan katako ina zuba launi, don yanzu dardumar a hannuna take. Abin da na sani shi ne ranar ta ga akwai wani lungu a zuciyarta da ta hana Allah shiga, ta ga faɗinsa da idonta a kan titi, kuma ba ta tsaya ciniki ba.

Masu shara suka iso da shebur da amalanke, kamar yadda suke bin bayan kowace makara. Ɗaya ya sa shebur ya naɗo zugun farko tare da taɓon. Na zabura zan ƙwace, ko a wanke a ga abin da zai fita. Gwaggo ta cafke mini wuyan hannu, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"An bayar, Rosenda. Ba a bin kyauta a baya."

"To in an same shi fa? In gobe suka zo suka ce ga Kawu, da me za mu naɗe shi?"

Ta tsaya tana kallon amalanken har ya sha kwana. Sannan ta sake ni.

"Wanda na ba wa ya san inda yake kwance," in ji ta. "Shi ya naɗe shi."